Salad ɗin dankalin turawa irin na Koriya: yadda za ki haɗa shi a gida bai caɓe ba

Duk wadda ta saba kallon finafinan Koriya ta san yadda teburinsu yake cika da 'yan ƙananan kwanuka tun kafin a kawo ainihin abincin. Wannan na kimci, wato kabejinsu da ake tsimawa da yaji, wancan na tsiron wake, ga na alayyahu da man riɗi, ga na 'yan ƙananan kifi busassu. Su banchan suke kiran waɗannan 'yan rakiya, kuma a gidajen abincinsu ba a biyan kuɗinsu daban, in kwano ya ƙare sai a ƙaro. To a tsakiyar jajayen kwanukan nan masu yaji akan ga wani fari tas, an dunƙula shi, an barbaɗa masa wani abu rawaya a ka. Ni dai da fari askirim na ɗauke shi, har ina mamakin mutanen da ke cin askirim da gasasshen nama. Ashe dankalin turawa ne, sai dai da cokalin askirim ake ɗebo shi.

Sunansa a wurinsu gamja saelleodeu. Gamja shi ne dankalin turawa, ɗaya kalmar kuwa salad ce da lafazinsu. Manya a cikinsu sukan ce sarada, yadda suka ji kalmar a bakin mutanen Japan. Shi kansa dankalin baƙo ne a ƙasar, sai a farkon ƙarni na 19 ya shigo musu ta arewa, daga ɓangaren Sin, ya samu wurin zama a yankin Gangwon mai duwatsu da sanyi, kamar dai yadda namu ya zauna a Filato. Mayonis ya fi shi zama baƙo: a 1972 kamfanin Ottogi ya fara yin nasa a Koriya ta Kudu. Saboda haka ba wani abincin kaka da kakanni ne da ake tsoron taɓawa ba. Kowace uwa da irin nata, kuma duk abin da ake buƙata akwai shi a kasuwar unguwarku.

Abin da ya raba shi da salad ɗin da muka saba, wanda ake yanka dankali ƙwara-ƙwara a jera da latas da wake na gwangwani, abu uku ne. Ana murƙushe dankalin. Ana sa masa sukari kaɗan. Sannan a cikin laushin nan dole haƙori ya riƙa cin karo da wani abu garas-garas, wato kokwamba da karas da tuffa. Na ukun nan shi ne inda aikin yake, domin duk abin da ke garas-garas ruwa ne cike da cikinsa, ruwan nan kuwa shi ne maƙiyin wannan salad.

Na san haka ne don ya taɓa kunyata ni. Karon farko da na yi shi, na yanka kokwamba na watsa a kan dankali mai zafi, na kwarara mayonis, na juya, na sa a firij ina jin kaina. Bayan awa biyu na fito da shi ga baƙi. Ƙanwar maigidana ta sa cokali, ta ɗaga, abin ya zubo yana ɗiga, ta dube ni ta ce, "Anti, faten dankali ne da madara?" Ba ta yi ƙarya ba. Ruwa ya kwanta a ƙasan kwanon, mai ya taso a sama, kokwambar ta yi yaushi kamar an dafa ta. Duk matakan da za ki gani a ƙasa, rabinsu na korar ruwa ne.

Abin da za ki tanada

Na mutum huɗu zuwa shida, in a gefen abinci za a ci: dankalin turawa rabin kilo ko sama da haka kaɗan, wato matsakaita huɗu ko biyar, kokwamba ɗaya ƙarama, in babba ce rabi, karas ƙarami ɗaya, albasa kwata, tuffa rabi, wadda masu tire suke ce wa aful, ƙwai uku, mayonis babban cokali huɗu zuwa biyar, sukari babban cokali ɗaya, ruwan kal ko ruwan lemon tsami ƙaramin cokali ɗaya, gishiri, sai ɗan garin masoro ga mai so. Wasu suna ƙara masarar gwangwani, wasu busasshen inabi. Masarar tana kyau matuƙar an tsane ta sosai. Busasshen inabin ni ba ya burge ni, amma akwai gidajen Koriya da ba sa yi sai da shi.

In kina bin bidiyon 'yan Koriya ki kula, da yawa suna yanka wani nama mai ruwan hoda ƙanana-ƙanana su zuba. Mafi yawanci na alade ne. Ki bar shi, salad ɗin bai rasa komai ba. In lalle kina son nama a ciki, ki dafa ƙirjin kaza ki zazzare shi siri-siri.

Wajen sayen dankali, mai gari kike nema, irin wanda in ya dahu gefensa yake farfashewa. Sabon tono mai siririyar fata wanda farce ke kankare shi ya fi ruwa, sai dai za a iya gyara shi a tukunya, zan zo wurin. Wanda za ki guje wa shi ne wanda ya yi kore a jiki ko ya fitar da dogon tsiro. Koren nan alama ce rana ta buge shi, yana da ɗaci, kuma yana iya ɓata ciki. In ɗan tabo ne ki yanke shi da zurfi, in ya mamaye dankalin ki jefar.

Mayonis kuma, wanda kike da shi ya isa, ko Bama ko waninsa. 'Yan Koriya Ottogi suka fi amfani da shi, wasu kuma Kewpie na Japan, wanda ake yi da gwaiduwa zalla, shi ya sa ya fi rawaya da maiƙo. Abin da ba na so a nan shi ne kirim ɗin salad mai ruwa-ruwa na kwalba. Ya cika tsami, kuma ba ya riƙe dankali.

Fara da wuta

Ki fere dankalin, ki yanka kowanne gida huɗu ko shida, ki yi ƙoƙari girmansu ya zo ɗaya don kada wani ya narke wani yana danye. Ki ɗauraye, ki zuba a tukunya da ruwan sanyi wanda ya ɗan haura kansa, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Ruwan sanyi na ce. In kika jefa shi a tafasasshen ruwa, bayan zai yi laushi ya fara zubewa cikin bai ji wuta ba. Daga lokacin da ya tafasa ki rage wutar, ki ba shi minti 12 zuwa 15. Gwajin cokali mai yatsu ne: in ya shige ba gardama, dankalin ya rabe biyu da kansa, ya yi.

Ƙwan a wata tukunya daban, minti 10 zuwa 12 bayan tafasa, sai ki juye shi a ruwan sanyi. Kada ya wuce haka. Ƙwan da ya daɗe a wuta gwaiduwarsa takan yi wani da'ira mai toka-toka, mu kuwa gwaiduwar za mu yi ado da ita.

Yayin da waɗannan suke kan wuta, kada ki zauna. Lokacin kokwamba ne.

Kokwamba da matsarta

Ki wanke ta, ki bar fatar don koren yana ƙawata salad ɗin, sai in fatar ta yi kauri ko ɗaci, to ki fere layi ki bar layi. Ki tsaga ta biyu a tsaye. Kokwambar Koriya siririya ce, 'ya'yanta ƙanana, tamu kuwa sau da yawa ƙatuwa ce mai ciki cike da 'ya'ya da ruwa, don haka ki sa ƙaramin cokali ki kwashe tsakiyar gaba ɗaya. Sannan ki yanka ta siri-siri kamar jinjirin wata, kaurin kada ya wuce na kwabo.

Albasar ma siri-siri, sannan ki daddatsa. Karas ɗin ƙanana ƙwarai, kamar ƙwayar dawa ko sama da haka kaɗan. Kada ki goga shi a abin goga kuɓewa, zai saki ruwa ya rina miki salad ɗin ya koma ruwan goro. In da yara ƙanana ko tsofaffi a gidan, ki jefa yankakken karas ɗin a ruwan dankalin na minti biyu ki tsame. In babu, danyensa ya fi daɗi.

Ki haɗa kokwamba da albasa da karas a kwano ɗaya, ki barbaɗa gishiri rabin ƙaramin cokali, ki cakuɗa da hannu, ki ajiye minti 10 zuwa 15. In kin dawo za ki tarar ruwa ya taru a ƙasa, kokwambar ta yi laushi tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. Gishirin ne ya jawo ruwan waje, ya kuma kashe kaifin albasar.

Yanzu sai matsa, kuma a nan ne mutane suke jin tausayi. Ki juye su a kyalle mai tsabta, irin na tatar koko ya yi daidai, ki tattaro bakinsa ki murɗa. Ki murɗa har ruwan ya daina zuba, ki huta, ki sake murɗawa. In babu kyalle ki riƙa ɗiba cikin tafi kina dunƙulewa. Za ki ga abin da ya cika kwano ya koma ɗan dunƙule kamar curin fura, ki ce kin kashe ta. Ɗauki ɗaya ki tauna. Za ki ji ta fi ƙara a haƙori fiye da lokacin da take danya, kuma haka za ta zauna har gobe a cikin mayonis ba ta saki ba. In kin ji gishirin ya yi yawa, ki ɗauraye da ruwa sau ɗaya ki sake matsewa.

Komawa kan dankali

Da ya dahu ki tsiyaye ruwan kaf. Kada ki juye a kwano tukuna. Ki mayar da tukunyar kan wuta kaɗan-kaɗan ba murfi, ki kama hannuwanta ki riƙa girgizawa na minti ɗaya ko biyu. Turiri zai yi ta tashi, ƙasan tukunyar ya bushe, jikin dankalin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Wannan shi ne gyaran da na ce ana yi wa sabon dankali mai ruwa. Shi ki ƙara masa minti ɗaya. Ki tsaya a kai, don yana kamawa da wuri. Wadda ke da madambaci tana iya turara dankalin tun farko, ta huta da wannan.

Ki murƙushe shi da zafinsa, da cokali mai yatsu ko bayan ludayi. Dankalin da ya huce ba ya murƙushuwa da kyau, sai ya yi ta zillewa. Kada ki kai shi turmi, kada ki sa a injin markaɗe, kada ki tuƙa da muciya. Mu da muka san sakwara mun san abin da duka yake yi wa doya: danƙo. To dankali ma haka ne, in ya sha wahala sai ya yi yauƙi yana bin cokali, a nan kuwa so ake ya zama sakwa-sakwa. Ni nakan murƙushe kashi uku cikin huɗu, in bar 'yan gudaji kamar girman gyaɗa. Gidajen gasa nama a Koriya sun fi yin shi sumul ba gudaji ko ɗaya. Zaɓi naki ne.

Tun yana turiri ki zuba sukarin da ruwan kal ɗin da ɗan gishiri, ki juya a hankali. Dankali mai zafi ne yake shan ɗanɗano har ciki, sukarin ma a lokacin yake narkewa. In kika bari sai ya huce, ɗanɗanon a baya zai tsaya.

Na san batun sukarin zai tsaya wa wasu a rai. Ni ma da fari rabi nake sawa. Amma ki tuna da me ake cin abin: kimci mai tsami da yaji, nama mai tafarnuwa, miyar barkono. Aikin wannan salad a teburin shi ne ya kwantar da harshe tsakanin loma da loma, kuma da ɗan zaƙin nan yake yin aikin. Ki fara da rabin cokali in kina shakka, ki ɗanɗana a ƙarshe. Yawanci hannunki zai koma kan gwangwanin.

Sai ki baza dankalin a faranti mai faɗi ya huce. Minti 15 zuwa 20, ko ƙasa da haka in da fanka. Ki sa bayan yatsa ki ji. In akwai sauran ɗumi kaɗan ba laifi, amma in yana turiri ki ƙara haƙuri. Mayonis haɗin mai ne da ƙwai, zafi yana raba su, shi ne man da ya taso min a saman kwano ranar da aka kira salad ɗina fate.

Ƙwai da tuffa da haɗawa

Ki ɓare ƙwan. Ki ware gwaiduwa ɗaya ki ajiye a gefe, ita ce ta ado. Sauran gwaiduwa biyun ki murtsuke su cikin dankalin, farin kuma ki daddatsa. Tuffar a ƙarshe ake yanka ta saboda saurin yin duhu. Ki bar fatarta, ja ta fi kyau a ido, ki yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, ki ɗiga mata lemon tsami. Ki zaɓi mai tauri. Wadda ta kwana biyu a tire ta yi gari-gari ba ta da amfani a nan, gara a yi babu ita.

Ki zuba matsattsun kayan da farin ƙwai da tuffa a kan dankalin, ki wartsake kokwambar da yatsu don kada ta zauna a dunƙule. Mayonis cokali huɗu za ki fara sawa. Ki riƙa ɗagowa daga ƙasa kina kifawa, ba juyin tuwo ba. In kin ga da sauran bushewa ki ƙara na biyar. Alamar ya yi ita ce ki ɗebo cokali ki kife a faranti ya tsaya da siffarsa, bai baje ba, bai kuma tsattsage ba.

Ki ɗanɗana. Kokwambar ta zo da gishirinta, mayonis ma da nasa, shi ya sa ban ce ki cika gishiri da wuri ba. Sai dai sanyi yana dushe ɗanɗano, don haka in yanzu kin ji shi daidai-daidai, ki ƙara ɗan mitsitsi. Masoro kaɗan in kina so. Dunƙulen ɗanɗano, kori, tattasai, attaruhu, duk ki bar su a ma'ajiyarsu yau. Na san hannu yana ƙaiƙayi.

Ki rufe ki sa a firij minti 30 zuwa awa ɗaya. A nan yake kama jikinsa.

Wajen zubawa, in kina da cokalin askirim shi ke nan. In babu, ki jiƙa ƙaramin kofin shayi ko ludayi da ruwa, ki cika shi, ki danna, ki kife a faranti. Sannan ki ɗauko rariyar shayi busasshiya, ki riƙe ta a saman dunƙulen, ki sa gwaiduwar da kika ajiye a ciki, ki danna da bayan cokali. Za ta riƙa zubowa kamar garin zinariya, ta rufe kan salad ɗin. Rariyar in da danshi a jikinta gwaiduwar liƙewa za ta yi. Wannan adon sai za a kai tebur ake yin sa, in ya kwana a firij bushewa yake ya yi duhu.

In an samu matsala

In ya yi ruwa duk da haka, ki dafa dankali ɗaya, ki busar da shi a tukunya, ki murƙushe, ya huce, ki haɗa. In gishiri ya zarce ma maganin ke nan. In ya yi tauri bayan ya kwana, cokali ɗaya na madarar ruwa ko na mayonis zai sake shi. In zaƙi ya yi yawa, 'yan ɗigon lemon tsami. Wanda ba ya gyaruwa shi ne wanda ya yi danƙo. Sai dai a shafa a burodi a ba yara, su ba ruwansu.

Da me za a ci? Su da gasasshen naman sa irin su bulgogi da galbi suke ci, da shinkafa da sauran banchan. A gidanmu na gwada shi da tsire da gasasshiyar kaza mai yaji, kuma nan ne na gane amfanin sukarin nan da kyau: ki ci nama, yajin ƙuli ya kama miki harshe, ki kai cokali ɗaya na salad mai sanyi. Da dafa-duka mai attaruhu ma yana tafiya. Ɗan kaɗan ake zubawa kowa, dunƙule ɗaya, ba a cika faranti da shi.

Ajiya tana buƙatar kula, musamman a ƙasarmu mai zafi da wutar da ba ta da alƙawari. Dafaffen dankali da ƙwai ba sa jure zaman waje. Kada ya wuce awa biyu a tebur, in kuwa lokacin bazara ne da zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. A firij mai sanyi sosai, a rufe, yana kai kwana uku. In wuta ta ɗauke ta wuni firij ɗin ya huce, kada ki dogara da hanci, ki haƙura da shi. Shi ya sa in na ga yanayin wutar unguwa ba daɗi nake yin rabin wannan awon, a cinye a zama ɗaya. Kada kuma ki daskarar da shi, in ya narke ruwa da mai rabuwa suke. Wadda ke haɗa mayonis ɗinta da danyen ƙwai a gida, nata salad ɗin na ranar ne kawai.

In ya yi saura kuma wuta ta yi halin kirki, karin kumallon gobe ya samu. 'Yan Koriya suna tsaga ƙaramin burodi mai laushi su cusa salad ɗin har ya tumbatsa, wasu ma sai sun fara shafa jam ɗin sitiroberi a gefe ɗaya. Na yi wa jam ɗin kallon raini har ranar da na gwada. Ki shafa shi siriri a yanki ɗaya, ki ɗora salad mai kauri kamar yatsa biyu, ki rufe, ki naɗe a leda ki matse, ki bar shi minti goma kafin ki sa wuƙa, don ya yanku bai zubo ta gefe ba.